Ɗiyar Argungu a Ɓangaren Gwandu

Argungu,
7 ga Mayu, 1984.

Zuwa ga mahaifina, Malam Abdussamadu, Nasarawa, Birnin Kabi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, Baba, ina fatan kana lafiya, da Umma da dukan mutanen gida. Yaya ƙafar Umma? Mu nan lafiya lau.

Dalilin wannan takarda jikarka ce, Asiya. Makarantun sakandare na yankinmu za su yi muhawara a nan Argungu: in za a keɓe wa wani magabaci ranar hutu ta ƙasa, wa ya fi cancanta, Kanta sarkin Kabi na farko ko Malam Abdullahi na Gwandu? Wanda ya ci zai tafi Sakkwato. Da aka yi ƙuri'a, makarantarsu ta faɗa ɓangaren Gwandu, kuma Asiya aka zaɓa ta yi magana.

Surukinka ya ce sam. Ka san Bakabe da Kanta. Ya ce ɗiyarsa ba za ta tsaya gaban mutanen Argungu ta yabi wanda ya fitar da kakanninsa daga Birnin Kabi ba, don in ta yi, ko kasuwar kifi ba zai ƙara iya shiga ba. Yarinyar ta wuni tana kuka.

Ni ban yi gardama da shi ba, na san halin mijina. Izinin kawo maka gaisuwa kawai na roƙar mata, ya bayar. Za ta zo ran Jumma'a a motar Kalilu direba. Don Allah ka zauna da ita ka karantar da ita tarihin Malam Abdullahi, tunda mu jinin Gwandu ne. Sauran ka bar mini.

Ɗiyarka,
Riskuwa.

Argungu,
16 ga Mayu, 1984.

Baba, ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku. Asiya ta iso lafiya, shinkafar Zauro da Umma ta aiko ma ta iso. Allah ya saka da alheri.

Ta faɗa mini sharaɗin da ka kafa mata, cewa ta yabi Malam Abdullahi iyakar iyawarta, amma kada ta taɓa mutuncin Kanta ko da kalma ɗaya, domin shi ma nata ne. Na ji daɗin wannan ƙwarai.

Kullum bayan la'asar nakan sa ta maimaita jawabin a tsakar gida, daidai lokacin da babanta ke gyaran komar kamun kifi a ƙarƙashin rumfa. Da farko yakan tashi ya fita. Shekaranjiya ta yi kuskure a zancen ganuwar Surame, birnin Kanta, sai ya ajiye komar ya gyara mata, ya kuma ci gaba da ba ta labari har tuwo ya huce. Bai ce ta yi ba, amma bai sake cewa ta bari ba.

Damuwata ɗaya ce, yayansa Hodi. Yana yawo a kasuwa yana cewa jinin Gwandu ya cinye gidan ƙanensa, kuma zai tara mutane su zo ranar. Matan unguwa wasu sun rage amsa gaisuwata. Duk da haka hankalina kwance yake. Na san abin da na haifa, na kuma san wanda ya karantar da ita. A sa mu a addu'a.

Taka,
Riskuwa.

Argungu,
26 ga Mayu, 1984.

Baba, gaisuwa mai tarin yawa gare ka da Umma, da fatan kun wuni lafiya.

An yi muhawara jiya, ɗakin taro ya cika har tagogi. Yaron da ya tsaya wa Kanta ya iya magana, aka yi ta tafi. Da Asiya ta miƙe ta ambaci Gwandu, mutanen Hodi suka fara surutu daga baya. Wani ya ɗaga murya yana tambaya ɗiyar wa ce wannan.

Ban ma san surukinka ya zo ba, sai ganinsa na yi ya miƙe daga bakin ƙofa, da rigar aikinsa. Ya ce, "Ɗiyata ta. Ku bari ta ƙare." Asiya ta ci gaba.

Ta ce Kanta ya bar ganuwa da suna, kuma duk Bakabe na da dalilin alfahari. Amma Malam ya bar karatu, kuma malaman da ke yanke hukuncin gado a Argungu yau ma daga wannan karatun suke sha. Ta ce ranar hutu ta fi dacewa da wanda har abokan faɗansa suke amfana da shi. Tsofaffi biyu a sahun gaba suka gyaɗa kai. Alƙalan muhawara suka ba ta nasara.

Hodi ya fita bai gaishe mu ba, zai huce. Mu dai gwamnati ba ta tambaye mu ranar hutun kowa ba, amma Asiya za ta Sakkwato wata mai zuwa.

Surukinka ya ce in shaida maka bai sauka daga ra'ayinsa ba, Kanta ne ya cancanta. Ya ce yarinya ya bari ta ci, amma kai ba zai bar ka ba. Yana nan tafe ran Asabar mai zuwa da giwan ruwa babba, don haka Umma ta tanadi tukunya, kai kuma ka tanadi amsa.

Ɗiyarka mai ƙaunarka,
Riskuwa.