Ƙwan Bayan Tulu

Zuwa ga maigidana ɗan boko,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya karatu? Ina fatan kana cin abinci, don ba na son miji mai wuya kamar mariƙin lema. Mu lafiya lau, sai gwiwa.

Jikana, ka tuna da hutu ka cika min kunne, wai daidai da kuskure ba su da ma'auni ɗaya, kowa daga inda ya tsaya yake kallo? Na ce boko ya juya maka kai. To a ɓoye zancen ya yi min daɗi, don ina da abin rufewa.

Wata uku kazar maƙwabciyata, mai ɗinki, tana tsallako katanga ta yi ƙwai a bayan tuluna. Ni kuwa in soya. Har kai ka ci. Nakan ce a raina, gidana ne, hatsina take tsattsaga. Da ka zo da iliminka sai na ƙara mai a kasko.

Mai ɗinki ta yi min kukan kazarta ta daina ƙwai. Na ce tsufa ne. Ta yanka ta, ta aiko min da cinya. Na cinye.

Shekaranjiya tawa kazar ta tsallaka can. Kafin in ga komai raina ya ɓaci, har na shirya sunan da zan kira matar nan. Yau sai ga ta da ƙwai biyu a bakin zane, tana ba ni haƙuri wai ɗaya ya tsage. Sunan da na shirya ya zauna min daram, kamar ta auna ni ta ɗinka.

Ka tambayo min malaminku, daga wane gefen katangar abin nan yake zama daidai? Na leƙa duka biyun ban samu ba.

Kakarka.

Maigida,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ban jira malamin naku ba, na je na faɗa wa mai ɗinki gaskiyar ƙwan kazarta. Na zaci ta sani za ta yi dariya. Ashe ba ta sani ba. Ta tsayar da keken ɗinki, ta dube ni, ta miƙo min ruwa, ta ci gaba da ɗinki. Shekara talatin tana raka ni bakin ƙofa. Ran nan ni kaɗai na fito.

Gobe zan koma. Ka sa ni a addu'a, kuma kada uwarka ta ji.

Taka har kullum,
Kakarka.