Ranar da Ganga Ba Ta Yi Shiru Ba a Rawayya

Gusau, 4 ga Yuli

Zuwa ga aminina Mas'udu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya iyali, ya Fatakwal da ruwanta da ba ya ɗaukewa? Ya ƙafar nan taka? Mu nan sai godiya. Na ba direban da zai kawo maka albasa takardar nan, don ka san ni da waya ba ma doguwar hira.

Albishirinka, makaɗinmu Tambaya zai fito da gangar noma. Za a yi gayyar huɗa a Rawayya ranar Asabar ta sama, ta farko cikin shekara huɗu, tun da hanyoyinmu suka lalace mutane suka daina taruwa a gona. Ya tsufa, Mas'udu, muryar ta dushe, amma 'yan amshinsa suna nan daram. Na goge tsohon rakodana na sayi batir. Shekara talatin da uku ke nan ina bin bawan Allahn nan, tun muna cusa kanmu a bayan akori-kura ni da kai daga Tsafe zuwa Bungudu, kaset ɗari biyu da 'yan kai a akwatina, babu biyu masu waƙa iri ɗaya. Kuma har yau bai taɓa sa sunana a waƙa ba. Kai da ka gudu Kudu ya ambace ka sau biyu. Ban yafe ba.

Sai labarin 'yata kuma 'yarka, Halimatu Sadiya. Ka san tana gwajin aiki a wata mujalla a Abuja. An ba ta ɓangaren wasan nan na manya, golf, wanda 'yan rediyo ke kira ƙwallon lambu. Na sa an buɗe mini rubutunta a waya. Wane ya sa hula kaza, wance ta zo da mota kaza, ƙwallon kuwa ko inda ta faɗa ba a faɗa ba. Yarinyar da ta yi barci a kafaɗata a gindin ganga! Ban yi mata faɗa ba don na san wahalar da ta sha kafin ta samu gurbin.

To, ga abin dariya. Mujallar za ta kawo wani jarumin fim, Tajuddeen, ya buga ƙwallon a gefen gonar gayyar, a ɗauke shi hoto da manoma da duwatsu a bayansa. Ita ta nuna musu wurin. Editanta ya ce idan aikin ya yi kyau za a tabbatar da ita. Ka taya mu addu'a.

Ka gaida Hajara da yara.

Naka,
Yusha'u Direba


Gusau, 15 ga Yuli

Mas'udu,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan ƙafa ta yi sauƙi. Ka gyara zama, don yau da magana a bakina.

An yi gayya. Galma arba'in da bakwai na ƙirga a bakin gona. Tambaya ya rataya ganga, mai kazagi yana gefensa, ya soma da taken nan da ka sani, sannan ya saki hanya ya shiga inda shi kansa bai san zai shiga ba. Ya yi minti ashirin a kan sunan kakan mutum ɗaya. Tsofaffin 'yan bin mu duk sun zo, har Ladidi mai fura da sandarta. Muka riƙa kallon juna muna gyaɗa kai.

Baƙin sun iso da hantsi cikin motoci uku. Jarumin yaro ne mai fara'a, ban ga laifinsa ba, sanye da kaya fari fat daga hula har takalmi a tsakiyar taɓo. Aka daɗe ana gyara shi. Kafin su shirya, samari sun kai ƙarshen kunyoyinsu, saura mutum ɗaya, Yakubu na Ruwan Bore. Ka tuna shi, wanda a zamaninmu ba a shan gabansa. Yanzu ya haura saba'in. 'Ya'yansa sun hana shi zuwa, ya ɗauko galma ya biyo su a baya. Yana tsakiyar kunya, yana sara yana nishi, Tambaya na bin sa taku-taku.

Ashe shi wannan wasa nasu ba a buga shi sai an yi tsit. Ga hadari ya taso daga wajen Kwatarkwashi, mai hoto yana kukan haske zai tafi. Editan ya kira Halimatu ya ce ta je ta sa a tsai da kiɗan, minti biyar kawai, tunda ita 'yar gida ce. Ina tsaye kusa, da kunnena na ji.

Ba sai na gaya maka ba. Ganga ba ta yin shiru da mutum a tsakiyar kunya. In ta yi, makaɗi ya ajiye shi ke nan, ya shaida wa duniya ya gaza, kuma har jikokinsa sai an yi musu gori. Baƙi ba su san haka ba, su a wajensu kiɗa ne kamar na rediyo, a kashe a kunna. Amma ita ta sani. Kuma ni na san Tambaya yana jin kunyata, in 'yata ta roƙe shi a gaban jama'a zai iya sauke hannu.

Sai na ga ta nufi Tambaya. Wallahi na kau da kai. Da na waigo sai na ga ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙe, ta tuɓe takalmanta, ta kunna na'urar ɗaukar maganarta, ta shiga kwarin kunya tana bin Yakubu a baya tare da makaɗa. Editan yana ta ɗaga mata hannu, ko kallonsa ba ta yi ba.

Yakubu ya yi kusan rabin awa kafin ya kai. Ruwa ya sauko a kansa, aka rufa wa gangar buhu, ba ta tsaya ba. Da ya sare saran ƙarshe ya jefar da galma, gonar nan ta ɗauki ihu da guɗa. Jarumin yana cikin mota tun tuni, ƙwallo ko ɗaya ba a buga ba.

Ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba. Amma motocin sun koma Abuja ba da ita ba, tana nan ɗakin uwarta. Ina jin tsoron abin da zai biyo.

Naka,
Yusha'u


Gusau, 20 ga Agusta

Aminina Mas'udu,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da mutanen gida. Takardarka ta iso, na kuma isar wa Halimatu da saƙonka, ta gode.

Abin da muke tsoro ya faru. Ta rubuta labarin ranar, shafi huɗu a kan Yakubu da Tambaya, jarumin layi ɗaya. Suka ƙi bugawa, suka sallame ta. Ta yi kuka, ni ma ban ji daɗi ba, don ba a tsintar aiki a ƙasa. Na tambaye ta ko ta yi nadama. Ta ce ta yi nadamar aikin, amma da a ce gobe za a sake, haka za ta sake yi. Har yanzu ba ta samu wani ba. Kullum tana zaune da akwatina tana juye kaset-kaset ɗin cikin kwamfuta, tana tsare ni da tambayar wace gona ce, wace shekara ce.

Jiya da la'asar Tambaya ya yi wasan suna a Tsafe, muka je tare. Ya yi nisa cikin waƙa, sai ya tsaya a gabana. Na zaci hanya yake nema, har na matsa. Sai na ji ya ɗaga muryar nan tasa da ta dushe ya kira Yusha'u Direba na Gusau, uban yarinyar da ta taka taɓo don kada a kunyata tsoho. 'Yan amshi suka karɓa. Ya juya shi, ya sake juya shi, ya fi minti goma a kaina.

Mas'udu, rakoda yana hannuna, kuma ban danna ba. Shekara talatin da uku ban taɓa mantawa ba sai jiya, ga shi ka san ba ya maimaita waƙa. Allah ya so, Halimatu ta ɗauka da nata. Ta juye maka a kaset, yana cikin ambulan ɗin nan. Za ka ji wani tsoho kusa da na'urar yana sheshsheƙa har yana danne muryar Tambaya. Kada ka tambaye ni ko wane ne.

Kai sau biyu aka ambace ka don kanka. Ni sau ɗaya, albarkacin 'yata, kuma ba zan yi musaya da kai ba.

Ka gaida Hajara da yara duka.

Amininka,
Yusha'u, baban Halimatu Sadiya