A Bar Gansakukata Ta Ji Yunwa

Zuwa ga Alhaji Shugaban Ƙungiyar Manoman Rani ta garinmu,

Assalamu alaikum. Ina gaida Baba, tare da fatan iyali da aikin rani suna lafiya.

Ni ce 'yar Malam Isa, wadda ake cewa ta gama jami'a ta dawo tana kiwon gansakuka a kwamin siminti a bakin fadama. Ba ƙarya aka yi mini ba. Bincikena ne na digiri na biyu: akwai wata 'yar mitsitsiyar gansakuka da ake tatsar mai a jikinta, in an sarrafa shi sai ya tayar da injin ban-ruwa.

Na ɗaya. Halinta ba irin na masara ba ne. In ta samu taki sai ta yi ta hayayyafa, ta yi kore shar, mai kuwa ɗan kaɗan. Sai ta yi yawa ake yanke mata taki a bar ta a rana. A wannan wahalar take tara mai, launinta ya koma rawaya. Rawayar nan nake jira tun farkon rani.

Na biyu. Makon jiya ta fara rawaya. Na je Bici sayen kwalabe, kafin in dawo wani bawan Allah cikin 'yan ƙungiyarku ya watsa wa uku cikin kwamina huɗu takin yuriya, hannu sake. Na san ba mugunta ba ce. Manomin ƙasar nan ba ya wuce shuka mai rawaya ya samu barci. Na kuma san tsadar taki bana, don haka na gode. Ga su can lafiyayyu, babu abin tatsa.

Na uku. Washegari wani ya kafa wa na huɗun rumfar zana, wai rana na dukan sa. Rumfar ta yi kyau ƙwarai.

Baba, wannan kwamin kaɗai ya rage mini. In shi ma ya ƙara shan tausayi, damina za ta shigo, hadari ya tare rana, ni kuma in ƙara shekara a makaranta.

Roƙona, a sanar a taron ƙungiya cewa yunwar da gangan ce, mai rumfa ya zo ya ɗauki abinsa. Wanda kuma taki ya yi masa yawa, albasar mahaifina na nan gefe, ita tata rawayar ta gaskiya ce.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sa a kwashe amfanin rani cikin albarka.

Wassalam.
'Yarku mai kiwon gansakuka.