'Yar Fari a Sandar Keke

Magarya, 3 ga Yuli 1955

Zuwa ga taubashina kuma bawana Halilu, a gidan waya na Damagaram.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Nafi da yara, kuma tumbin nan naka bai hana ka sunkuyawa ka ɗaura takalmi ba tukuna. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ruwa ya sauka, gero ya rufe idon sawu, an tashi lakwal, an sallami 'yan makaranta, na kulle alli da littattafan yara a akwati sai watan Oktoba.

Bayan haka, Inna ta aiko daga Guci. Goro ta ɗauro a ganye, da saƙon cewa idonta ya fara hazo, tana son a kai mata jikarta kafin girbi. Ka san alkawarin. Tun ranar suna ta ce 'yar farin nan tata ce, da an yaye ta a kai mata, yadda ni ma da nake ɗan farinta aka ɗauke ni aka kai wa Kaka Gimbiya, inda muka tashi tare da kai kana cinye mini ƙanzo. To, yau shekara uku da yaye. Shekarar farko na ce ana ƙyanda, ta biyu na ce hanya ba kyau, ta uku na ce daraktan lakwal ya hana ni izini. Bana ƙaryata ta ƙare, kuma tsohuwa ba ta roƙi abin da ba nata ba.

Zan gaya maka abin da ba zan iya gaya wa kowa ba, in ka yi mini dariya Allah ya isa. Ba na son rabuwa da yarinyar nan. Shekararta biyar ban kira ta da sunanta ba, ban ɗauke ta a gaban mutane ba. In na dawo daga lakwal ta rugo da gudu, sai in ratse ta in ɗauki ƙanenta Sallau. Haka ake yi, ba wanda ya ga laifina, har yabona ake wai mushe, wato malamin lakwal, ya sha boko amma bai yar da kunya ba. Kullum safiya ina kiran sunayen yara arba'in na mutane, tawa kuwa sai dai in ce ke, ko in ce waccan.

Matata Hinda ta ce mu bi kamyon 'yan kasuwa, babbar motar kayan nan, zuwa Waca, daga can mu nemi jaki. Na ce a'a, kamyo kafewa yake da damina, a keke za mu. Gaskiyar ita ce a keke babu inda za a sa yarinya sai a sandar gaba, tsakanin hannuwana biyu, kuma ba mai cewa na yi rashin kunya. Na naɗe sandar da tsumma. Hinda za ta zauna a baya da Sallau a goye. Ga tabarma biyu, ga bargo, ga tukunya da salka da gumba da ƙuli-ƙuli, ga famfo da faci. Da ta ga yadda na lafta wa keken kaya, cewa ta yi da jaki ne da ya kai ni ƙara wurin alƙali.

Jibi za mu tashi in Allah ya yarda. Ka sa mu a addu'a. Ka gaida Nafi, ka ce na ji tausayinta da ciyar da kai.

Naka, ubangijinka,
Maikano

Waca, 8 ga Yuli 1955

Zuwa ga Halilu.

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, da fatan damina tana yi muku kyau. A gwiwata nake rubuta wannan, a zauren wani mutumin kirki da ya sauke mu, kuma wani mai kanwa da zai zo Damagaram gobe zan ba. In ka ga rubutun ya karkace, hannuna ne bai dawo daidai ba.

Mun fito da sassafe, yashi ya sha ruwa ya kwanta, keke yana gudu abin sha'awa. Yarinya ta kama ƙararrawa, duk akuyar da muka gani sai ta buga mata. Kanta yana daidai haɓata, yana ƙamshin man shanu, don sau biyu Hinda ta yi mata kitso a mako guda, wai na farkon bai yi kyau ba. Ni dai ban ga aibinsa ba.

Da muka wuce Kwaya sai tsidau ya ce bai san zancen ba. Kafin la'asar na yi faci huɗu. Ina cikin na biyar hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Na ja iyali da gudu muka fake gindin wata babbar bishiya, sai da ruwa ya fara dukanmu na ɗaga kai na ga gawo ne, ko ganye ɗaya babu. Hinda ta ce duk ƙasar nan ba wanda bai san gawo tsirara yake damina ba sai mai koya wa 'ya'yan mutane ilimi. Na kifa keken, na jingina tabarmin a jikinsa, na rufa bargo, muka shige mu huɗu kamar kaji. Iska ta tafi da murfin tukunya. Ashana ta jiƙe. Sallau ya yi kuka har ya gaji, ita kuwa yayar dariya take, tana tara hannu a inda tabarma ke yoyo.

Ruwan ya ɗauke kafin magariba, kuma daga inda muke ana hango hayaƙin wani ƙauye, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba. Na ce taya ba za ta kai ba, a nan za mu kwana. Hinda ta dubi hayaƙin, ta dube ni, sai ta fara kakkaɓe tabarma. Ta san in mun shiga gari ni zaure za a kai ni, yarinya kuma cikin gida wurin mata. Muka ci gumba da ƙuli, sauro ya ci mu. Da gari ya waye na tarar hannuna ya mutu, kan yarinya a kai, bakinta a buɗe. Ban motsa ba sai da rana ta kusa fitowa, sallar asuba ma a makare na yi ta, Allah ya yafe mini.

Rana ta biyu faci ya ƙare. Na cusa ciyawa da tsumma a tayar gaba, muka yi ta turi, yara a kan kaya. Ƙafar Hinda ta kumbura. Da yamma muka iso rafin Korama, muka tarar ta cika ta batse, ta shanye karan rake har wuya. A bakinta muka sake kafa ɗakinmu na keke. Wata Bafulatana ta ba mu nono, mijinta kuma ya ce mu jira safiya, zai nuna mana inda shanu ke ƙetarewa.

Da hantsi ruwa ya ja zuwa ƙirji. Sawu uku na yi. Na fara kai keke da kaya a ka, na dawo na kama hannun Hinda da Sallau ɗaure a kafaɗarta. Yarinya ta zauna ita kaɗai a gaɓa tana jira, ba ta yi kuka ba. Na dawo na ɗora ta a wuya, ta riƙe kunnuwana.

Muna tsakiyar ruwa, inda ya fi ƙarfi, sai na ji ta sunkuyo daidai kunnena. Ta faɗi sunanta a hankali, gaɓa-gaɓa, yadda nake koya wa 'yan aji baƙaƙe. Ta sake faɗi. Sannan ta ce in riƙe shi da kyau, don in na zo Guci 'yan mata suna da yawa, in ban san sunan ba ba za a gane wadda za a ba ni ba.

Halilu, ashe duk shekarun nan ta ɗauka ban sani ba ne. Sunan da ni na yi mata huɗuba da shi a kunne tana jaririya, ba wanda ya riga ni faɗa. Na kusa zamewa a cikin ruwan. Na tsoma fuskata a ruwa don kada Hinda ta ga idona, amma bakina ya ƙi buɗewa. Ko a wannan takardar, ka duba, na kasa rubuta shi.

An gyara mini taya a kasuwar nan. Gobe sai Guci, kuma ban taɓa jin ina ƙin ganin garinmu ba sai yau. Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Maikano

Magarya, 24 ga Yuli 1955

Zuwa ga taubashina Halilu, wanda na 'yanta yau saboda farin ciki.

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da Nafi da yara duka. Na dawo na tarar da takardarka, na kuma gode da ba ka yi mini dariya ba, ko da yake na san ka yi a ɓoye. Mun iso shekaranjiya lafiya. Zauna ka ji yadda aka yi.

Inna ta karɓe mu yadda ta saba. Ta rungume Hinda, ta ɗauki Sallau tana juya shi, ta jawo yarinya tana shafa kitsonta da yatsu, don idon ya yi rauni fiye da yadda aka gaya mini. Ni kuwa da na durƙusa na gaishe ta, bango ta amsa wa. Daga baya na ji tana tambayar Hinda ko mai keken nan ya ci abinci. Shekarata talatin da biyu, haka muke da ita, ban taɓa tsammanin wani abu daban ba.

Mako guda muka yi. Na shiga gonarta tare da ƙanena Gajere, wanda shi da matarsa ke kula da ita, na yi noma har hannun alli ya yi kanta. Yarinya ta saba da tsohuwa nan da nan, tare suke kwana, tare suke faɗa. Ina gani ina murna, ina kuma jin ciwo.

Ana gobe za mu tafi, da hantsi, ina bayan zana ina gyaran sarƙar keke, su kuma suna tsakar gida suna tsinkar tafasa. Sai na ji yarinya tana ba Inna labarin Korama. Ta ce ta koya wa babanta sunanta a cikin ruwa, amma kansa da nauyi, har yanzu bai iya ba. Sannan ta tambayi Inna ko ita ta san sunan ɗanta, in ba ta sani ba ta koya mata, ba wuya. Can Inna ta ce ta je ta ɗauko mata faifai, alhali na san faifan yana cinyarta.

Da safe na kwance tsumman sandar keke, don ba mai zama a kai. Hinda ta goya Sallau, tana ta gyara ɗaurin kayan da ya riga ya ɗauru. Sai ga Inna ta fito har ƙofar gida, abin da ba ta taɓa yi mini ba, tana riƙe da hannun yarinya. Ta juya mini baya ta ce wa Hinda wannan 'ya ta cika ci, ta cika surutu, shara ma ba ta iya ba, ita ba za ta iya da ita ba. A koma da ita, a riƙa kawo mata ita duk hutun damina, a kan wannan jakin ƙarfen.

Ta lalubi keken, ta ji sandar ba komai. Ta koma ɗaki ta fito da wani tsohon zanen saƙi, baƙi, duk ya koɗe, ta naɗe sandar da hannunta ta ƙulle. Tana ƙullewa tana gaya wa Hinda da shi ta goyi mai keken. Ta ce ranar da aka ɗora shi a jaki za a kai wa Gimbiya, ta ɗauki tulu ta bi bayansu har rijiyar bakin gari wai za ta ɗebo ruwa, ta dawo gida da tulun ba ko ɗigo. Ban taɓa jin wannan labarin ba, Halilu. Na tsaya riƙe da kan keke ina kallon ƙasa. Sunana dai ba ta faɗa ba, ni ma ban nemi ƙari ba.

Na sa Hinda ta roƙe ta ta zo Magarya bayan girbi likita ya duba idon. Ta ce ita ba za ta hau ƙarfe ba, sai dai jaki. Ka san Inna, wannan amsawa ce. Gajere ya ce shi zai kawo ta.

Da muka wuce rijiyar bakin gari, awaki suka tare hanya. Na sunkuya na kira yarinya da sunanta, na ce ta buga musu ƙararrawa. Muryata ta yi rawa kamar ta ɗan aji ranar farko. Ta waiwayo ta dube ni, ta ce yawwa, ashe na iya, sai dai in ƙara ɗaga murya. Na ji Hinda a bayana tana jan hanci, wai ƙwaro ne ya faɗa mata ido.

Dawowar ma mun sha faci da ruwa, amma wannan karon a ƙauyuka muka kwana, don ba ni da sauran dalilin kwana a daji. In Allah ya kai mu baɗi ka ɗauki hutu ka zo mu tafi tare, in keke zai iya ɗaukarka.

Ka gaida Nafi da yara. Hinda tana gaishe ku, Sallau ma haka. Mairama tana gaishe ka.

Naka har kullum,
Maikano