Lilon Nasiru Ya Ƙi Shiga Lungu

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Asabe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, da fatan Allah Ya ƙara yalwata makwancinki, ƙara na kawo miki. Na san ba a kai wa mamaci ƙara, amma masu rai na gidan nan duk na gwada su, babu mai ji. Autanki Nasiru nake ƙara.

Yaransa biyu suna hannuna a gidanmu na Barnawa tun da aiki ya mai da shi Legas shi da matarsa: Sadiƙu da kika goya, da Ilham da ba ki gani ba. Layin kuma ba wanda kika bari ba ne. Tun da aka zuba kwalta, masu keke mai ƙafa uku suka mai da shi hanyar kauce wa cunkoso. Sadiƙu ya koyi zare sakatar get. Wata ranar Talata wani mai keke ya shigo min da shi riƙe a hannu, ya ce, "Madam, ki riƙe ɗanki, ni ma ina da 'ya'ya."

Ranar na kira Nasiru na ce a sama wa yaran nan abin wasa a bayan gida. Abin da na nema kaɗan ne, Inna: lilo ɗaya, da ɗan abin zamiya mai tsani, wanda in yaro ya faɗo ba sai an nufi asibiti ba. Sai ya shiga turo min hotunan gidajen Turawa, ciyawa shar, ko kaza ɗaya babu. Na ce katako dai gara za ta cinye shi kafin damina biyu, roba kuma rana ta farfasa ta. Ƙarfe ya fi, in har a inuwa za a kafa shi. Ya ce, "Yaya, ke komai sai kin mai da shi darasi. Ki bar min."

Na bar masa. Wannan laifina ne, na amsa.

Ya samo wani mai walda a Kakuri, Oga Yohanna, ya ba shi awo ta waya. Bawan Allah ya ce bari ya zo ya auna wurin da kansa. Ɗanki ya ce kada ya wahalar da kansa, a gidan aka haife shi, kuma bayan gidan nan har ƙwallo suke bugawa biyar da biyar.

Inna, kin tuna ƙwallon nan? Shekarunsa bakwai a lokacin, ƙwallon kuwa tsumma ne aka ɗaure da kyauro. Daga baya Baba ya gina ɗakin ajiya, aka kafa tankin ruwa, aka haƙa sokawe. Nasiru yakan zo hutu, amma iyakarsa falo da kwanon abinci. Mutumin da ya yi digiri biyu ya auna min fili da ƙafafun ɗan shekara bakwai.

Sai ga akori-kura ranar Asabar. Abu ja da rawaya, da hasumiya mai rufin kwano, da abin zamiya, da lilo uku, an yi masa walda gaba ɗaya tamkar gadar jirgin ƙasa. Kin san lungun da ake bi zuwa baya, wanda ragon layya ma sai an lallaɓa shi yake wucewa. Ƙarti huɗu suka karkata shi, suka kwantar, suka tayar, suka fasa bututun ruwa. Da suka gaji sai suka ajiye shi a ƙofar gida, a bakin kwalta, suka tafi.

Kwana tara ya yi a wurin. Abin da aka ƙera don ya raba yara biyu da titi, shi ya tara min yaran layi kaf a kan titi. Shekara ashirin da huɗu ina koyarwa, ban taɓa ihun da na yi a kwanakin nan ba. Na koma 'yar ba da hannu, da bulalar dogon yaro, ina tsai da keke.

Da na gaya wa Nasiru, sai ya ce a fasa katanga mana. Katangar kuwa tamu ce da Maman Blessing, wadda ta yi kwana uku tana dafa wa masu zaman makokinki abinci. Ko da na kai mata maganar don ta yi dariya, cewa ta yi, "Ki ce masa ya zo da kansa ya fasa, ina nan zaune."

Na hau keke na tafi Kakuri, na ce wa Oga Yohanna ya ɗauko injin yanka. Ya dafe kai ya ce, "Anti, aikin nan fa kamar ɗana ne." Na ce to ɗan nasa ya yi ƙiba. Ya yanka shi uku. Hasumiyar da lilo biyu na bai wa makarantar ƙarshen layi, su da ke da fili da katanga. Saura lilo ɗaya da abin zamiya, daidai abin da na nema tun farko.

Yanzu na zo inda na yi ta kewayewa. Na auna bayan gidan da tef, da hannuna. Na ɗora tafina a kan ƙarfen da azahar, na janye ba shiri. Da cinyar Ilham ce, da fatar ta saɓule. Inuwa wuri ɗaya ce, gindin mangwaro, inda shukar lallenki take.

Ba a yi amarya a layin nan ba tare da an aiko gidanmu da ƙwarya ba. Ina ganinki a tsugune kina zage ganyen, kina ce min, "Rakiya, kar ki tsige shi duka, gobe ma akwai amarya." Ranar nawa bikin ke kika ƙulle min ƙafa, kina yi min faɗa wai na cika motsi.

Ban bari maza sun taɓa shi ba. Ni na tone lallen da fartanyarki, don a kafa lilon a wurin. Saiwarsa ta yi nisa fiye da yadda na zata, na yini ina yi, ina zagin Nasiru a zuci don kada in yi kuka. Duk da haka na yi. Na yanki rassa uku na dasa a tsohon bokiti. Ban sani ba ko za su kama.

Yau kwana biyar Sadiƙu bai taɓa sakatar get ba. Daga madafa ina jin ƙarar sarƙa, ina jin Ilham tana cewa a ƙara tura ta. Ki yafe min, Inna. Da kina nan na san da ke za ki miƙo min fartanyar, amma na so a ce daga bakinki na ji.

Allah Ya gafarta miki, Ya sanyaya kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ya raya yaran nan, Ya tsare su. Nasiru kuma Allah Ya shirye shi, don har yau yana jiran in turo masa hoton hasumiya.

'Yarki mai faɗa,
Rakiya