Manhajar Tana Rubuta Abin da Ban Faɗa Ba

Anti, don Allah ki taimake ni, abin ya fi ƙarfin tunanina, kuma duk wanda na gaya wa sai ya dube ni kamar na taɓu.

Ni tela ce, amma tun ina yarinya nake son rubuta labari. Matsalar ita ce hannuna kullum yana kan yadi. Ƙanwata ce ta saka mini wata manhaja a waya, wadda kina magana tana mayar da ita rubutu. Sai in jingine wayar a jikin gwangwanin maɓallai, ina ɗinki ina ba da labari, da yamma in gyara in tura dandalin marubuta da nake ciki a intanet. Har na samu masu karatu, wasu ma suna fushi in na makara.

Shagon mu biyu ne da aminiyata, wadda nake kira Yaya don ta girme ni. Bara ta rasu bayan gajeriyar jinya, ta bar miji da yara. Keken ɗinkinta yana nan a kusurwa, na lulluɓe shi da tsohon labule, tsinken allurarta ma ban taɓa ba. Ita ce mai sauraron labaraina na farko, kuma ba ta bari in kai ƙarshe sai ta katse ni. Kanari take ce mini, wai bakina ba ya hutawa. Ba wanda ya san wannan suna, ko mijina.

Ranar da abin ya fara, da rana tsaka ne, ni kaɗai, ina ɗinke hannun wata riga. Da na zo gyara, sai na ga a tsakiyar babin an rubuta: “Ba haka aka yi ba, Kanari.” Anti, sai da almakashi ya suɓuce mini. Na ce ƙila ƙarar fanka ce. Na kashe fanka washegari, na sha zufa, aka sake. Wani lokaci gyara ne, wai matar cikin labarin ba za ta yafe da wuri haka ba. Kuma gaskiya ne, da na gyara babin ya fi daɗi. Wani lokaci tambaya ce kawai: “Autana ya ci abinci?”

Mijina ya ce in goge manhajar in huta. Mijin marigayiya kuma ya aiko zai ɗauki keken ya sayar. Yanzu ina tsoron buɗe shago, in na shiga ba na juya wa kusurwar nan baya, aikin mutane ya taru. Amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ranar da ban ga komai ba, kuka nake yi. Wannan wasiƙar ma da manhajar na rubuta, ban iya sake karantawa ba. Yaya zan yi?

Tela mai labari

Ƙanwata, Allah ya jiƙan Yaya, ya ba ki haƙuri. Ba ki taɓu ba.

Da yake ba ki karanta wasiƙarki ba, ya kamata ki sani: a ƙasan sa hannunki akwai wani layi, “kar a sayar da keken.” Na cire shi daga sama na kawo shi nan. Na daɗe ina kallonsa, ba zan yi miki ƙarya ba.

Ga abin da na sani. Irin waɗannan manhajoji ba ji suke kamar mutum ba, hasashe suke. Suna iya mayar da ƙarar keke ko hirar masu wucewa su zama kalmomi. Amma Kanari ba zai fito daga fanka ba. Mafi kusa shi ne daga bakinki yake fita. Wanda ya yi shekara da shekaru yana hira da mutum ɗaya, yakan amsa wa kansa da muryar wancan bai sani ba, musamman hannu yana aiki zuciya tana wani wuri. Gyaran da ya yi daidai, ke kika san shi, don Yaya ce ta koya miki.

Gwada wannan. Ari wayar ƙanwarki ki ɗauki muryarki yayin da manhajar take rubutu, ku saurara tare. In kin ji bakinki, magana ta ƙare. Ki kuma canza kalmar sirri, ki duba ko wayar marigayiya tana da hanyar shiga rubutunki, don waya takan koma hannun wani. In duk kin yi ba ki gano ba, goge manhajar. Mijinki yana da gaskiya a nan: babu kayan aikin da ya kai kwanciyar hankalinki.

Rubutu dai kada ki bari. Ɗauki murya zalla, ki kwafe da hannunki bayan aiki, ki ajiye kwafi a imel. Akwai ƙamus a intanet in kalma ta ɓace miki. A dandalinku ki nemi mace ɗaya mai faɗin gaskiya ko da ɗaci, ta riƙa karanta miki kafin ki tura. Mai katse ki kike nema, kuma irinsu suna nan da rai.

Keken haƙƙin magada ne, ba naki ba. Je ki da kanki ki roƙi mijinta ya sayar miki, ko ya bar wa 'ya'yanta. In kin je, ki tafi da abinci, ki ga autan nan da idonki. Tambayar ko daga ina ta fito, ta cancanci amsa.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya sa ki kammala littafin lafiya.

Anti