Inna a Layin Famfo

Lyari, Karachi
4 ga Maris

Yaya Mahganj,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, ke da mijinki da ƙaramar Sammi. Yaya zafin Turbat?

Abin da aka gaya miki gaskiya ne. Na zana Inna a bangon layinmu, gefen famfon nan da ya shekara shida bai ɗiga ba. Mata tara ne a layi da jarkoki babu komai, ita ce a gaba. Da ka na zana ta, tunda har ta rasu ba ta yarda an ɗauke ta hoto ba. Masu wucewa suka yi ta ɗauka a waya. Shi ne wani Sohrab, mai sayar wa attajirai zane, ya nemi ya buga shi a kan katakai hamsin, irin masu ƙananan tayoyi da yara ke hawa suna sulu a kwalta. Na amince.

Ƙaninki,
Dad Rahim

20 ga Afrilu

Yaya Mahganj,

Ina gaisuwa, Allah Ya sa kun tashi lafiya. Wasiƙarki ta iso. Kin ce na sa fuskar uwarmu ƙarƙashin takalmin ƙattin banza, kuma kada in ƙara kiranki Yaya. Abin ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba.

Na je na sami Sohrab da maganar. Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Haba Ustad, wa zai taka? Wannan na ratayewa ne. In ya ƙarzu ko kaɗan, ai ya tashi daga aiki!" Ashe ko taya ba a sa musu.

Ya kai ni gidan wani da ya saya, a Defence, unguwar masu kuɗi, in sa hannu a katakon. Inna na rataye a baranda da jarkarta, tana kallon wani tafkin wanka shuɗi. Matar gidan ta ce, "Wallahi idanun tsohuwar nan suna sa ni kuka." Ta sa aka kawo mini ruwa da ƙanƙara, na sha. Shekara shida Inna tana layi, sai ga shi ta kai bakin ruwa.

Ƙaninki, ko kin ƙi,
Dad Rahim

9 ga Yuni

Yaya Mahganj,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyar Sammi. Shiru ba amsa, amma zan rubuta.

Hukuma ta ga zanen a jarida. Muka zaci masu haƙa bututu za su zo, sai ga masu farar ƙasa. Kafin azahar sun shafe bangon tas. Yanzu tallar mai maganin basur ce a wurin, famfon kuma yana nan yadda kika san shi.

Na gwada sake zana ta a takarda sau huɗu. Hancin yana fitowa, idon ya ƙi. Fuskar ta fara ɓace mini, Yaya, kuma ina jin tsoro.

Cikin katakan hamsin ɗaya aka ba ni. Na naɗe shi a tsohon mayafinta, na ba Lal Bakhsh direban motar Turbat ya kawo miki. Sammi ba ta taɓa ganin kakarta ba. Ki rataye shi can sama, inda ƙafa ba ta kaiwa. In har yanzu ba ki yafe mini ba, ki juya fuskar ta kalli bango. Amma kada ki ƙona shi, ba mu da wata fuskar tata.

Ƙaninki,
Dad Rahim